Daga Abare Zuwa Bahar Maliya, Inda Macallè Ya Nutse

A watan Satumba na 2018 na raka ƙanena zuwa Khartoum, inda ya sami gurbin karatu a Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa. Damina ba ta ɗauke ba tukuna, don haka daga Abare zuwa Anka a kan babur muka fito, akwati ɗaure a baya, duk inda laka ta riƙe taya sai mu sauka mu tura. A wancan lokaci ba mai fita da duku-duku. Sai rana ta ɗaga, kuma ɗan kabu-kabu ba zai tayar da babur ba sai ya tambayi waɗanda suka iso daga gaba ko 'yan bindiga sun tare hanya. Daga Anka muka hau mota ta Mayanci da Maru da Bunguɗu har Gusau, washegari muka bi ta Tsafe da Malumfashi da Gwarzo muka shiga Kano. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Khartoum kuwa ko yini ba mu yi ba. Tafiyar da kakanninmu ke shafe shekaru a kanta, suna yada zango suna noma don tara guzuri, mu a zaune muka yi ta.

Da yaro ya sami ɗaki ya fara shiga aji, sai na ga babu abin da ke gaggauta ni gida. Na daɗe ina son in ga ruwan da alhazan dauri ke tsayawa a bakinsa suna jiran jirgin Jidda. Ƙasar Sudan tana cikin matsi a shekarar: layi a gidajen mai, layi a gidajen burodi, bankuna kuma ba sa ba mutum kuɗinsa sai kaɗan-kaɗan. Duk da haka manyan bas-bas na tashi kullum da asuba. Hanya biyu ce ke kai mutum bakin teku daga Khartoum. Gajeriyar ta bi ta Atbara, doguwar ta zagaya ta Madani da Gadarif da Kasala. Na ɗauki doguwar saboda Mai Wurno.

Garin yana kusa da Sinnar, a gaɓar Shuɗin Nilu. Bayan Turawan Ingila sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da sauran jama'ar da ta tsira, har suka zauna a nan, garin ya ci sunansa. A kasuwa na yi ciniki da Hausa, aka ba ni canji da Hausa. Labarin Mai Wurno yana buƙatar nasa rubutun daban, don haka zan wuce. A Gadarif gonakin dawa da riɗi sun yi kore shar har iyakar ganin ido, kuma da yawa daga cikin masu aiki a cikinsu mutanenmu ne. A Kasala na kwana ƙarƙashin duwatsun Taka, waɗanda ke tsaye santal a bayan masallacin Khatmiyya. A nan na fara cin karo da sawun Italiya, don sojojinta sun tsallako daga Eritiriya sun kama garin a watan Yuli na 1940, ba su fita ba sai Janairun 1941.

Daga Kasala hanya ta miƙe arewa cikin hamada har Haya, sannan Sinkat. Daga Sinkat ta fara gangarowa daga kan duwatsu tana lanƙwasa, kunnuwa na toshewa, har direba ya tsaya ya duba birki. Da na sauko daga bas a gindin dutsen ne na san na shigo wata ƙasa. Mu mutanen Zamfara mun san zafin bazara, wanda ke ƙafar da rijiya a watan Afrilu, amma namu busasshe ne, in ka sami inuwar dogon yaro ka huta. Na bakin Bahar Maliya jiƙaƙƙe ne. Gumi ba ya bushewa a jiki, riga na manne wa mutum, dare ma ba ya kawo sauƙi. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan zafin a ransa, don shi ne tushen duk abin da zan ba da labari.

Sawakin ta ba ni tausayi. Tsohon garin yana kan ɗan tsibiri, an gina shi da dutsen murjani da aka sassaƙo daga teku, gidaje masu hawa biyu da uku. Tun da Turawa suka buɗe tashar Port Sudan a farkon ƙarni na ashirin, 'yan kasuwa suka ƙaura, gidajen suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Na tarar Turkawa sun gyara masallatan Hanafi da Shafi'i, sauran kuwa tarin farin dutse ne da kyanwoyi ke yawo a kai. Amma tashar Usman Digna da ke gefe tana aiki. Alhazan da suka yi jinkiri bayan Hajjin shekarar suna ta sauka da jarkokin zamzam, ana kuma loda tumaki zuwa Jidda.

A Port Sudan, mai nisan kamar kilomita 60 arewa da Sawakin, na sauka gidan wani dattijo da aka haɗa ni da shi tun daga Mai Wurno. Kakansa daga ƙasar Sakkwato ya fito. Bayan magariba aka shimfiɗa tabarma a waje, aka kawo jabana, wato gahawa mai citta da ake sha a ƙananan kofuna, sai ya dube ni ya ce, "Ɗana, mi yak kawo ka bakin ruwan ga?"

Na ce, "Baba, ruwan niz zo gani."

Ya ce, "Ai ba a ganin ruwa daga tudu. Gobe in Allah ya kai mu ka bi maƙwabcina."

A daren ya ba ni labarin mahaifinsa, wanda ya yi leburanci a tashar jiragen ruwa lokacin yaƙin Hitila. Ya ce jiragen saman Italiya sun sha zuwa su jefa bam a garin, tsallakawa Jidda ta yi wuya, mutane da yawa da suka zo da niyyar wucewa suka kama sana'a suka zauna, zaman da ya zama na har abada.

Maƙwabcin nasa mutumin Bija ne, mai ƙaramin jirgin kamun kifi da inji a baya, wani lokaci kuma yana kai wa jiragen Turawa masu ninƙaya kaya. Jikan mai masaukina ya biyo mu yana yi mana tafinta. Ba mu yi nisa da tashar ba ya kashe inji a gefen duwatsun murjani na Wingate, ya miƙo mini gilashin ninƙaya ya ce in sunkuya in duba. Ƙarƙashinmu wani ƙaton jirgi ne kwance a kan haƙarƙarinsa, murjani ya lulluɓe shi, kifaye na shiga suna fita ta tagoginsa. Umbria ke nan, jirgin dakon kaya na Italiya. A watan Yuni na 1940 ya biyo ta Suwez da bama-bamai kusan 360,000 zai kai Masawa, Ingilishi suka tsare shi a nan da sunan bincike. Kyaftin ɗinsa ya ji a rediyo cewa Musolini ya shiga yaƙi ranar 10 ga Yuni, sai ya sa aka buɗe wa jirgin ruwa a asirce ya nutse, don kada kayan su faɗa hannun abokan gaba. Bama-baman suna cikinsa har yau.

Mai jirgin ya ce wannan kowa ya san shi. Ya ɗaga hannu ya nuna kudu maso gabas, ya ce akwai wani can, ƙarami, irin mai nutso ya tafi a ƙarƙashin ruwa, kuma bara wasu baƙi suka zo suka tono ƙasusuwan wani ɗan Italiya a tsibirin Barra Musa Kabir. Na roƙe shi ya kai ni. Ya ce nisan ya fi ƙarfin jirginsa, sai da takardar izini, ga shi kuma man da za a sha ba ya samuwa a wannan marra. Amma ya ce zai nuna mini abin da ya ci jirgin. Ya ja mu a hankali ta gefen murjanin. A hannun dama ruwan kore ne fayau, kana ganin ƙasa, in ka sauka da ƙyar ya kai maka ƙirji. A hannun hagu, taku kaɗan, ruwan ya koma shuɗi mai duhu, ba a ganin ƙarshensa. Ya ce da rana launin ruwa ke gaya wa matuƙi inda zai bi. Da dare babu launi.

Sunan jirgin Macallè. Bayan na dawo gida na zauna na bi tarihinsa da na 'yan'uwansa, kuma abin da na samu ya tsaya mini a rai fiye da duk abin da na gani a hanya.

Tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, Italiya ta ƙera jerin ƙananan jiragen yaƙi masu nutso da ake kira 'yan tan 600, bisa tsarin injiniyan sojan ruwa Curio Bernardis. Rukunin Argonauta ne ya fara, sai Sirena, sai Perla, sai Adua, daga baya Acciaio. Rukunin Adua, wanda Macallè ke ciki, jirage 17 ne, an ƙera su daga 1936 zuwa 1938 a Monfalcone da Taranto da Muggiano kusa da La Spezia. An kuma sayar wa Brazil da wasu uku masu irin wannan tsari. Kowanne tsawonsa mita 60, faɗinsa bai kai mita shida da rabi ba, mutum arba'in da 'yan kai ke rayuwa a ciki, tsakanin injuna da batura da makamai. Yana da bututu shida na harba tofido, wato bam mai gudu da kansa a cikin ruwa, huɗu a gaba biyu a baya, da igwa ɗaya mai bakin milimita 100 a kan doronsa. A saman ruwa injin dizal biyu ke jan sa, yana gudun kamar kilomita 26 a awa, yana kuma cika batura. In zai nutse sai a kashe dizal, a rufe kowace ƙofa, a bar ruwa ya cika tankunan da ke jikinsa, ya koma tafiya da lantarki. A ƙasa gudunsa ba ya wuce kilomita 14 a awa, kuma ko ya lallaɓa a hankali, batir na ƙarewa kafin ya ci kilomita 140. Zurfin da aka amince ya kai mita 80 ne. In zai taso, iska mai matsi ake hurawa ta kori ruwan daga tankuna.

Masana yaƙin ruwa sun yaba wa waɗannan jirage. Suna da ƙwari, suna jin linzami a ƙarƙashin ruwa, kuma sun fi manyan jiragen Italiya masu nutso amfani a yaƙin. Aibinsu shi ne rashin gudu a sama da kuma girman hasumiyar da ke kan doronsu, wadda ake hangowa daga nesa, har daga baya aka rage wa wasunsu ita. Amma don Bahar Rum aka tsara su.

Sunayensu kuwa duk daga Afirka aka ɗebo, har Italiyawa na kiran su 'yan Afirka. A 1896 Sarki Menelik na biyu ya ragargaza sojojin Italiya a Adwa, abin da ya zame musu tabo na shekara arba'in. A watan Oktoba na 1935 Musolini ya mamaye Habasha, ya kama Adwa da Aksum da Makale, ya shiga Adis Ababa a watan Mayun 1936. Sai aka ɗauki sunayen garuruwa da duwatsu da kogunan da aka ci da yaƙi a Habasha da ƙasar Somaliya aka liƙa wa sababbin jiragen: Adua, Axum, Macallè, Scirè, Tembien, Aradam, Alagi, Gondar, Dessiè, Dagabur, Neghelli, Uebi Scebeli da sauransu. Akwai Ascianghi, wato tafkin Ashange, inda jiragen saman Italiya suka zuba iskar guba a kan sojojin Habasha da ke ja da baya a 1936. Ban iya karanta wannan jerin ba tare da raina ya ɓaci ba. Garuruwan mutane ne, da kaburburan mutane, aka mayar lambar yabo a jikin ƙarfe.

Ranar da Italiya ta shiga yaƙi tana da jiragen nutso fiye da 110, Rasha kaɗai ta fi ta yawa. Takwas daga ciki suna Masawa, a bakin Bahar Maliya, kuma Macallè ne kaɗai ɗan rukunin Adua a cikinsu. A wannan teku ruwa garau yake, jirgin sama na iya hango abin da ke ƙasa, don haka dole jirgi ya yini a nutse, sai dare ya taso ya sha iska. Ka tuna da zafin da na ambata, sannan ka ƙaddara mutum arba'in a cikin bututun ƙarfe rufaffe, batura da injuna na ƙara nasu zafin. Ba mai iya jurewa sai da na'urar sanyaya iska. An sa musu na'urar. Sinadarin da ke zagayawa a cikin bututunta shi ne metil kulorayid.

Wannan iska ba ta da launi, ƙamshinta kuma ɗan kaɗan ne, hanci ba ya kama shi sai ta yi yawa. In ta yoyo a ɗaki rufaffe, mutum zai fara da ciwon kai da jiri da amai, alamomin da kowa zai ɗauka bugun zafi ne. Daga nan sai maye, sai ruɗewa, wani ya yi ta dariya ba dalili, wani ya yi ta faɗa, sai jijjiga, sai mutuwa. Kuma ba sabon ilimi ba ne a 1940. Tun a 1929 ta kashe mutane a gidajensu a birnin Chicago na Amurka ta hanyar firij masu yoyo, kuma irin wannan ne ya sa aka ƙirƙiro sinadarin firiyon a madadinta. Shekara goma bayan haka aka rufe samari da ita a ƙarƙashin wannan teku mai tsananin zafi.

Macallè ya bar Masawa ranar 10 ga Yuni, ƙarƙashin kyaftin Alfredo Morone, da umarnin ya je ya yi kwanton ɓauna a bakin Port Sudan. Cikin 'yan kwanaki iskar ta fara yoyo. Ta kama matuƙa, ta kama hafsoshi, har waɗanda ke lissafin inda jirgin yake. Suka hangi wata fitilar teku suka ɗauke ta a matsayin wata daban, lissafi ya kauce. Cikin daren 15 ga Yuni jirgin ya hau kan murjani a gefen Barra Musa Kabir, ya karkace. Mutanen suka samu suka fita zuwa tsibirin da abin da suka iya ɗauka. Jirgin kuma ya zame daga gefen murjanin ya faɗa cikin irin shuɗin ruwan nan da mai jirgi ya nuna mini. Bai harba ko tofido ɗaya ba.

Duk wanda ya fito daga Abare ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan gubar da ba a gani. A 2010 yara suka fara mutuwa a garinmu da Dareta da Sunke da Tungar Daji da Duza da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. Yaro zai fara amai, ya yi ta jijjiga, ya sandare. Wasu suka ce zazzaɓin cizon sauro ne, wasu suka ce sanƙarau, wasu suka ce iskoki. Akwai gidajen da suka binne yaro fiye da ɗaya. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka zo a watan Maris aka ɗebi jini aka gwada, sannan aka gane dalma ce. Duwatsun zinaren da ake kawowa daga daji a daka a tsakar gida, a niƙa da injin niƙan hatsi, su ne ke ɗauke da ita. Ƙurar ta kwanta a daɓe, a kan tabarma, a hannun yaro mai rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu. Na ga ma'aikatan kamfanin TerraGraphics da mutanen gari suna kankare ƙasar tsakar gidaje suna zubawa a buhuna, ana kawo sabuwa mai tsabta, ana kwasar yara zuwa asibitin Anka. Abin da aka shigo da shi gida don a sami sauƙin rayuwa, shi ya cika gidan da ajali, mutanen ciki kuma suna neman dalili a wani wuri. Bambanci ɗaya ne, kuma babba ne. Iyayenmu mata da ke daka dutse ba su taɓa jin sunan gubar ba. Waɗanda suka zaɓi sinadarin da za a sa a jiragen Masawa injiniyoyi ne masu digiri, a ofisoshin da ba su shaƙi abin da suka zaɓa ba. Ba na ɗora wa matuƙan Macallè alhakin Ashange. Yawancinsu 'ya'yan manoma da masunta ne da aka ɗauka aikin soja, kuma gwamnatin da ta raina ran Bahabashe ba ta ɗauki nasu da tsada ba.

Tsibirin Barra Musa Kabir kuwa fili ne na yashi da 'yan ƙananan itatuwa, ba ruwan sha, ba inuwar kirki. Mutum uku, ƙarƙashin wani ƙaramin hafsa mai suna Elio Sandroni, suka shiga ɗan kwalekwalen da aka tsira da shi, suka yi kwanaki suna tuƙi da hannu har suka kai gaɓar da Italiya ke riƙe da ita, suka kai labari. Ranar 22 ga Yuni jirgin nutso Guglielmotti ya iso ya kwashe sauran. Mutum ɗaya bai jira ba. Carlo Acefalo, mai kula da tofido, wanda gubar ta fi yi wa illa, ya rasu a tsibirin, abokansa suka binne shi a cikin yashi. Ya shekara 77 a nan, har wani mai shirya fim ɗan Ajantina, Ricardo Preve, ya bi sawun labarin, aka tono shi a 2017. Su ne baƙin da mai jirgi ya gani. A watan Nuwamba na 2018, bayan na dawo gida, aka kai ƙasusuwan ƙauyensu, Castiglione Falletto a arewacin Italiya, aka binne kusa da mahaifiyarsa.

Sauran jiragen Masawa ma ba su ji da daɗi ba. Cikin mako biyun farko na yaƙin an rasa huɗu daga cikin takwas. Bayan Macallè, Ingilishi suka kama Galileo Galilei da ransa kusa da Adan ranar 19 ga Yuni, suka nutsar da Torricelli ranar 23 kusa da tsibirin Perim, da Galvani ranar 24 a mashigin Oman. Gubar nan ta kashe mutane a cikin Archimede, ta kuma sa Perla ya hau gaɓa, da ƙyar aka janyo shi. Sai bayan haka aka zare ta aka sa firiyon. A farkon Maris na 1941, da aka ga Masawa za ta faɗi, huɗun da suka rage, Archimede da Ferraris da Guglielmotti da ƙaramin Perla, suka fice ta Babul Mandab, suka zagaye Afirka ta kudu, jiragen Jamus na ba su mai a tsakiyar teku, suka hauro ta tekun Atlantika har Bordeaux a Faransa cikin watan Mayu. Wannan jarumtaka ce ta gaske, kuma ba na jin nauyin faɗin haka. Masawa ta faɗi ranar 8 ga Afrilu.

A daidai lokacin da suke wannan zagaye, 'yan ƙasarmu na tafe a kan tudu ta wuraren da aka sa wa jiragen sunayensu. Birget ta 23 ta sojojin Nijeriya, rundunar da Hausa ce harshen bariki a cikinta, ta shiga Mogadishu ranar 25 ga Fabrairun 1941. Daga nan ta bi kwarin kogin Shabelle, wanda Italiyawa ke rubutawa Uebi Scebeli, ta wuce Dagabur, ta kama Jijiga ranar 17 ga Maris, ta shiga Harar kafin watan ya ƙare. Fiye da mil 1,000 cikin kusan wata guda. Kafin shekarar ta fita Gondar ma ta faɗi, daular Italiya a gabashin Afirka ta ƙare, sunayenta kawai suka rage suna yawo a ƙarƙashin Bahar Rum.

A can ne rukunin Adua ya nuna abin da aka ƙera shi dominsa. An cire wa Scirè igwarsa aka ɗora masa manyan bututu uku, kowanne ɗauke da tofidon da mutum biyu ke hawa su tuƙa. A daren 18 ga Disamban 1941, ƙarƙashin Junio Valerio Borghese, ya sauke mutum shida a bakin Iskandariya ta Masar. Suka shiga tashar a ɓoye suka dasa bam ƙarƙashin manyan jiragen yaƙin Ingila biyu, Valiant da Queen Elizabeth, suka nakasa su na tsawon watanni. Ranar 10 ga Agustan 1942 aka nutsar da Scirè a bakin Haifa da duk mutanensa.

Kwana biyu bayan haka, ranar 12 ga Agusta, ayarin jiragen Ingila na kan hanyar kai wa tsibirin Malta abinci da mai. Kafin gari ya waye wani jirgin Ingila mai suna Wolverine ya taka Dagabur ya nutsar da shi, ba wanda ya tsira. Da yammacin ranar Axum, ƙarƙashin Renato Ferrini, ya harba tofido huɗu a tashi ɗaya, ya sami jirage uku. Ɗaya jirgin dakon mai ne, Ohio, wanda duk da haka aka lallaɓa da shi har Malta. Na biyu Cairo, wanda ya nutse. Na uku babban jirgin yaƙi mai suna Nigeria, sunan ƙasarmu, wanda Ingila ta raɗa masa kamar yadda ta raɗa wa 'yan'uwansa sunayen ƙasashen da take mulka. Mutum 52 suka mutu a cikinsa. A daren kuma Alagi ya sami wani mai suna Kenya. Aksum ta harbi Nijeriya da Alƙahira, Alagi ya harbi Kenya, alhali mutanen waɗannan wurare ba wanda ya tambaye su kafin a ɗauki sunayensu. An kai Nigeria Amurka aka gyara shi, ya koma yaƙi, daga baya aka sayar wa Indiya, ta sa masa suna Mysore a 1957. Daga cikin jirage 17 na rukunin Adua, Alagi kaɗai ya ga ƙarshen yaƙin.

Ranar da zan bar Port Sudan mai masaukina ya raka ni har tasha duk da ciwon gwiwarsa, ya hana ni biyan kuɗin shayi, ya kuma ba ni saƙon gaisuwa ga wasu dangi a Wurno da Raba, in Allah ya sa na bi ta can. Wannan karon gajeriyar hanya na ɗauka. Bas ya hau duwatsun da muka gangaro, a Sinkat iska ta bushe, gumin jikina ya ɗauke. Daga Haya muka karkata yamma zuwa Atbara, garin jirgin ƙasa, muka biyo gaɓar Nilu ta Shandi, muka hangi dalar Marawi daga tagar mota da la'asar. Na shiga Khartoum bayan isha, na tarar ƙanena ya riga ya koyi cin waken ful da safe, yana kuma jiran in ba shi sauran kuɗin littattafai kafin in kama jirgin Kano.